Barin Fili Da Sauran Ƙarfi

Ranar 21 ga Mayun 2024 Toni Kroos ya sanar da cewa da zarar an kammala gasar ƙasashen Turai ta wannan shekarar, shi da ƙwallo sai kallo. Shekarunsa 34. Ba ciwo ne ya kwantar da shi ba, ba kuma koci ne ya fara ajiye shi a benci ba. Makonni uku kafin nan, a birnin Munich, ya riƙe ƙwallo a tsakiyar fili, ya ɗaga hannu ya nuna wa Vinicius inda zai ruga, sannan ya zura ta tsakanin 'yan bayan Bayern, ta je ta samu yaron daidai inda aka nuna masa. Kwana goma sha ɗaya bayan sanarwar, a Wembley, bugun kwanarsa ne Carvajal ya sa wa kai, Real Madrid ta doke Dortmund da ci biyu da nema. Kofin Zakarun Turai na shida ke nan a hannunsa, ɗaya da Bayern, biyar da Madrid.

Samarin unguwarmu masu goyon bayan Madrid ba su yafe masa ba har yau. In an fito daga gidan kallo sukan tsaya a bakin dakalina su ɗora musu daga inda suka tsaya, wani ya ce min, "Baba, don Allah wannan ba ɓarna ba ce? Mutum yana kan ganiyarsa ya ce ya gaji?" Kuma suna da hujja. Kakar da ta biyo baya Madrid ta kawo Mbappe, amma ba ta ci gasar Sifaniya ba, Arsenal ta fitar da ita daga Zakarun Turai da ci biyar da ɗaya gida da waje, Barcelona kuwa sau huɗu tana lallasa ta. Kowa ya ga ramin da ke tsakiyar fili. Masu gudu ga su nan birjik, amma babu mai cewa a dakata, a juya ta can.

Ni dai ina tare da Kroos, ko da yake dalilina daban ne da wanda aka saba kawowa. Yawanci cewa ake yi gara mutum ya tafi ana yabonsa, don a riƙa tunawa da shi da kyakkyawan ƙarshe. Wannan lissafin 'yan kallo ne, kuma ba ya ma ci. Ƙarshe ba a hannun ɗan wasa yake ba. Zidane ya sanar da ritayarsa tun kafin kofin duniya na 2006, shi ma yana da shekara 34 lokacin wasan ƙarshe, ya yi wa Brazil wasan da ba a mantawa, ya kai Faransa Berlin, ya ci fanareti. Sai ga shi a ƙarin lokaci ya tunkuyi Materazzi a ƙirji, alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati, ya wuce ta gefen kofin kansa a sunkuye. Shi kansa Kroos wasansa na ƙarshe bai zo masa da daɗi ba. A Stuttgart, ranar 5 ga Yuli, tun a mintunan farko ya taɗe Pedri ya ji masa ciwon da ya hana yaron ƙarasa gasar, Sifaniya ta fitar da Jamus a gidanta saura minti ɗaya a tashi ƙarin lokaci. Daga baya sai haƙuri ya ba Pedri. Mutum na iya zaɓar ranar tafiya, amma yadda ranar za ta kasance sai abin da Allah ya yi.

Abin da ya zaɓa, a ganina, shi ne bakin da maganar za ta fito. Ko dai kai ka ce ya isa, ko a ce maka. Na yi zamani da wani wanzami a garinmu wanda ba a haihuwa a unguwa uku ba a aika masa ba. Da shekaru suka ja, hannunsa ya soma rawa kaɗan, irin wadda sai mai lura yake gani. Babu wanda ya iya buɗe baki ya gaya masa, don kunya da girmamawa. Sai dai aka riƙa aikawa a kira ɗan ƙanensa ta ƙofar baya, shi kuma yana zaune a zaure da zabirarsa, aska a wase, yana jin guɗar suna daga nesa. Ya fi shekara yana tambayar me ya sa haihuwa ta yi ƙaranci. Da ya miƙa zabirar da hannunsa tun da wuri, da shi za a riƙa zuwa ɗauka a zaunar a kan buzu ya sa albarka.

Manyan ƙungiyoyin Turai kuwa ba su da wannan kunyar. Iker Casillas ya shiga Madrid yana ɗan shekara tara, ya yi shekara 25 a gidan, ya ɗaga kofin duniya a matsayin kyaftin ɗin Sifaniya. A Yulin 2015 shi kaɗai ya zauna gaban 'yan jarida yana karanta takardar bankwana yana hawaye, ya tafi Porto. Sergio Ramos, wanda ƙwallonsa a minti na 93 ta ceto wa Madrid kofin Zakarun Turai na 2014, ya ja ciniki a 2021, da ya dawo ya ce ya amince aka ce masa wa'adin tayin ya wuce. Kroos yana cikin ɗakin sa kaya lokacin da aka rabu da su biyun. Saboda haka in yaran nan suka ce min ƙungiya na binsa bashin shekara ɗaya, nakan tambaye su shekara nawa ita ƙungiyar ta taɓa ƙara wa wani don alheri. Shi an yi masa bankwana a Bernabeu ranar wasa da Betis, 'yan wasan ɓangarori biyu suka jeru ya ratsa ta tsakiyarsu, 'yarsa ta rungume shi tana kuka, shi ma da ake cewa ba ya motsuwa ya fashe. Lamba takwas kuma da bakinsa ya ce Valverde ya ɗauka.

Akwai kuma abin da ɗan kallo ba ya gani. Mu minti casa'in muke kallo. Ba mu ganin kwanan otal, da jirgin tsakar dare, da ruwan ƙanƙarar da ake shiga bayan wasa, da yadda ciwon da kan warke cikin kwana biyu yake komawa mako guda. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Sau da yawa sha'awar tashi da safe a tafi atisaye takan mutu tun ƙafa na da sauran aiki, kuma mai gaskiya yakan ji hakan a ransa shekara guda kafin jama'a su gani.

Kada dai a ɗauka ina cewa duk wanda ya zarce ya yi wauta. Mu da muka ga kofin duniya na 1990 ba za mu faɗi haka ba. Roger Milla yana ɗan wasansa a tsibirin Reunion, shekarunsa 38, aka kira shi ya koma wa Kamaru. Daga benci yake shigowa, ya ci huɗu, har da wadda ya sace daga ƙafar Higuita golan Kolombiya, ya je tutar kwana yana karkaɗa ƙugu. Da ya ce ya tsufa, da Afirka ba ta ga ƙasarta ta farko a zagayen 'yan takwas ba a wannan shekarar. Luka Modric, abokin Kroos a tsakiya, ya girme shi da fiye da shekara huɗu, amma ya zarce. Da aka kawo yara irin su Bellingham ya yarda ya zauna, a sa shi saura minti ashirin ya shiga ya gyara wasa ya fito. A 2025 ya koma Milan yana daf da cika 40. Sirrin Milla da Modric ɗaya ne, sun yarda a rage musu kaso ba su ɓata rai ba. Wanda abin ke yi wa wuya shi ne mai son ya zarce kuma a ci gaba da gina komai a kansa. Cristiano Ronaldo bai da na biyu wajen kula da jiki, amma ƙarshen 2022 ya sha ɗaci: ya rabu da Manchester United baram-baram, a kofin duniya na Qatar kuma aka ajiye shi a benci ranar wasa da Switzerland, yaro ɗan shekara 21 da aka sa a gurbinsa ya ci uku.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa don adalci, tafiya irin ta Kroos sai mai wurin zuwa. Yana da makarantar koyar da yara ƙwallo, yana da gidauniyar taimakon yara marasa lafiya, yana da shirin hira da yake yi da ƙanensa Felix, ga dukiyar da ta ishe shi. Ɗan wasanmu na nan da ya samu ya fita waje, lissafinsa daban ne. Gida nawa ne ke cin abinci a ƙafarsa? Kuɗin makarantar ƙanne, asibitin mahaifiya, auren 'yan uwa, kujerar Makka, duk shi ake jira. Balle wanda bai taɓa fita ba, yana buga gasar cikin gida, albashin ma sai an yi ta bi. Irin wannan in ka gan shi yana jan ƙafa yana da shekara 37, kada ka yi masa ihu daga kan benci ka ce ya je ya huta. Ka fara tambaya, in ya huta wa zai auno masara.