Wa Ka Gani a Can?

A zangon karatu na biyu na shekarata ta farko a poli, ƙungiyar sashenmu ta shirya yawon buɗe ido. Ko'ina ka juya a aji zancen eskoshon ake yi. Kuɗin da aka yanka mana ya fi ƙarfina, amma kunyar a ce ɗan ƙauye ya kasa biya ta sa na kira Baba a Masama. Bai ce komai ba. Bayan kwana biyu na ji alat. Sai daga baya ƙanwata ta tsegunta mini cewa buhun gero biyu ya fitar daga rumbu, kuma a lokacin damina ko faɗuwa ba ta yi ba.

Gaskiya tafiyar ba ta yi muni ba. Bas mai sanyi, otal mai wurin ninƙaya, abinci sau uku, riga iri ɗaya. Akwai jagora mai usur: ya hura mu sauka, mu ɗauki hoto, ya hura mu koma mota. Kwana uku muka yi, na dawo da hotunan da suka cika mini waya.

Da na je gida hutu na zauna ina nuna wa kakata, Inna. Ta kalli biyu ko uku, ta ture wayar.

"Maigida, wa ka gani a can?"

Na fara lissafa mata gine-gine da ruwa da fitilu.

"Ban ce mi ka gani ba. Wa?"

Na yi shiru. Ban da 'yan ajinmu da nake gani kullum, mutum ɗaya na yi wa magana a kwana ukun nan, shi ma cewa na yi ya ƙaro mini miya.

Mahaifin Inna bafatake ne, cikin na ƙarshe da suka riƙa bin ayarin jakuna ta Jega zuwa Gwanja sayo goro. Ta ce idan ya dawo, da sunayen mutane yake ba da labarin hanya: maimasaukinsa na gari kaza, matar da ta yi jinyarsa a gari kaza. A wurinta wanda bai dawo da sunan kowa ba, bai je ko'ina ba.

Maganar ta tsaya mini a rai har ƙarshen zango na gaba. Ranar da muka gama jarrabawa, maimakon in kama hanyar gida kai tsaye, na saɓa jaka na shiga motar Kalgo ba tare da na san inda zan kwana ba. A mahaɗar Kalgo motar Jega ce ta fara cika, sai na faɗa ciki. Shi ke nan tsarin nawa.

A Jega na yi yawo cikin kasuwa har ƙafa ta gaji, na ci kifi, na yi sallar azahar. A sahu na haɗu da wani dattijo mai fataucin albasa. Da ya ji ina karanta aikin gona sai ya yi dariya, ya ce, "To ɗana, in da gaske kake, bi ni Aliero ka ga inda kuɗinmu ke ruɓewa." Na hau bayan a-kori-kurarsa.

Kowa a Kabi ya san Aliero da albasa da masu ɗorin karaya. Abin da ban sani ba shi ne wahalar da ke bayan girbi. Ya kai ni wurin rudu, irin rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa sama da ƙasa a jibge albasa ciki. Lokacin girbi albasa ba ta da daraja, don haka manomi ke ajiyewa ya jira farashi ya tashi. Amma zafi na motsar da ita, danshin damina na sa ta tsiro ko ta ruɓe, kuma guda ɗaya in ta lalace sai ta ja maƙwabtanta. Ya cusa hannu ya zaro wata, ya matsa, ruwa ya tsiyayo. Warin nan har yau ina jin sa. Mun yi wannan darasi a aji, da zane a allo, na ma ci shi a jarrabawa, amma ranar ce na gane shi. Furojet ɗina na bana a kan iskar da ke ratsa rudu ne, kuma lambar Baban tana cikin wayata; shi ke gyara mini abin da littafi ya faɗa ba daidai ba.

A zaurensa na kwana, kan tabarma, sauro ya yi yadda ya so da ni.

Washegari na sami mota zuwa Gwandu. Nan ne kunya ta kama ni sosai. Masama a ƙaramar hukumar Gwandu take, na sha zuwa garin yin fasfo da karɓar takardar shaidar ɗan ƙasa, amma ban taɓa taka hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ba. Mutumin da ya rubuta tafsirin Diya'ut Ta'wili, wanda ake karanta littattafansa har ƙasashen waje, yana kwance a ƙofar gidanmu, ni kuwa na sa an sayar da gero don in je in ga wurin wanka. Na yi addu'a, na zauna da wasu tsofaffi a inuwa. Ɗaya ya tambaye ni ɗan wane gida ne, da na faɗa sai ya ce ai da kakana suka yi karatun allo.

Kar wani ya karanta wannan ya ce na ce a bazama kawai. Yanayin hanyoyinmu ba kamar da ba ne. Ban yi tafiyar dare ba, duk inda na sauka na kira gida, kuma na tambayi direbobi a tasha kafin in shiga kowace mota, don su ne ke da labarin hanya na ranar. Na kuma san 'yan'uwanmu mata ba za su kwana a zauren wanda suka haɗu da shi a masallaci ba. Su eskoshon na iya zama ƙofa ɗaya da gida zai yarda a buɗe musu, shi ya sa ba na raina shi. Amma ko su, uku ko huɗu na iya haɗuwa su je Argungu da safe, su ga gidan tarihin Kanta da Matan Fada, su dawo kafin la'asar.

Da yamma na isa Masama, duk jikina ƙura da warin albasa. Inna ta sake tambayarta, na jero mata sunaye har biyar. Da na ambaci tsohon Gwandu sai ta ce wannan ai ya taɓa neman aurenta, ta ƙi shi saboda rowa.

Duk kuɗin motar da na kashe bai kai na rabin buhun gero ba. Buhu biyun Baba kuwa har yanzu ban biya ba.