Siririn Rufi da Nauyin Amana

Takarda tana naɗuwa kamar tabarma ba tare da ta yage ba, amma wanda ya nemi ya lulluɓe bayan ƙwarya da ita sai ta tattare ko ta tsage. A shekarar 1827 masanin lissafi na Jamus, Carl Friedrich Gauss, ya bayyana dalili. Kowane shafi yana da lanƙwasa ta fuska biyu. Idan aka ninka ɗaya da ɗaya, adadin da ya fito ba ya canzawa komai yadda aka tanƙwara shafin, muddin ba a ja shi ya miƙe ba. Na takarda sifiri ne, na ƙwarya kuwa ya haura sifiri. Don haka ƙwarya ba ta bajewa sai ta fashe.

Daga nan ƙarfin siririn rufi yake fitowa. Idan aka rage kaurin faranti da rabi, juriyarsa ga ja tana raguwa da rabi kawai, amma juriyarsa ga lanƙwasa tana komawa kashi ɗaya cikin takwas. Shimfiɗaɗɗen rufi siriri ke nan ba ya ɗaukar kaya. Mai lanƙwasa biyu kuwa yana tilasta nauyi ya bi ta cikin jikinsa har ƙasa. Maginan rumbunan laka na ƙasar Adar sun san haka da hannuwansu tun kafin a rubuta shi da alƙalami.

Félix Candela, wanda aka haifa a Madrid a 1910 kuma yaƙin basasar Sifaniya ya kora zuwa Meziko a 1939, ya mai da wannan ilimi sana'a. Ya zaɓi siffar sirdin doki, wadda take hawa ta fuska ɗaya tana sauka ta ɗaya, amma ana iya zana ta da miƙaƙƙun layuka zalla, ta yadda kafinta zai haɗa mazubinta da katako madaidaici. A 1958 ya gina gidan cin abinci na Los Manantiales a Xochimilco: rufin kankare mai ganye takwas, faɗinsa kimanin mita 42, kaurinsa santimita 4 kacal. Shi ne mai zane, shi ne ɗan kwangila, kuma yana cin kasuwa ne da araha. Sai dai arahar tana da wani tushe bayan lissafi, wato leburorin da suke zuba kankaren da hannu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi a 1964, irin wannan gini ya daina biyan kansa, kuma a 1971 Candela ya koma Amurka yana koyarwa. Simintin da mai gida ya tsimi, ashe wani ɓangarensa daga gumin talaka aka cire shi.

Akwai kuma ragin da ake yi a inda ido ba ya kaiwa. Sanduna huɗu da aka haɗa a kusurwoyi suna karkacewa, amma uku ba sa motsi, domin tsawon gefunan alwatika shi ke yanke siffarta. A kan wannan ƙa'ida injiniya William LeMessurier ya tsara ƙashin benen Citicorp mai hawa 59 a birnin New York, wanda aka kammala a 1977. Wani coci ya tare kusurwar filin, saboda haka aka kafa ginshiƙan huɗu a tsakiyar kowane gefe, aka ɗora nauyin a kan manyan ƙarafa masu gicciye. Amma alwatika ba ta fi mahaɗinta ƙarfi ba. A lokacin aiki an sauya walda da noti don rage kuɗi, ba tare da labari ya kai gare shi ba.

A 1978 tambayar da ta fito daga ɗakin karatun wata jami'a ta sa ya koma kan lissafin iskar da take bugun bene ta kusurwa. Abin da ya samu ya tayar masa da hankali: idan wuta ta ɗauke, na'urar da ke rage layin benen mai nauyin tan 400 ta tsaya, guguwar da ake sa ran zuwanta sau ɗaya cikin shekara 16 tana iya kayar da shi. Ba mai tuhumarsa a lokacin. Shiru zai tsare masa suna da dukiya, magana kuwa tana iya kai shi kotu. Ya je ya faɗa wa masu benen. Aka shafe makonni ana walda cikin dare, ana liƙa farantan ƙarfe masu kaurin santimita 5 a kan mahaɗai sama da 200.

Labarin bai wanke kowa tas ba. Dubban mutanen da ke aiki a ciki da kewayen benen ba a gaya musu girman abin ba, sai a 1995 mujallar The New Yorker ta fallasa shi. Binciken da aka sake daga baya da na'urorin zamani ya nuna mai yiwuwa haɗarin bai kai yadda ya auna ba. Wannan bai rage darajar abin da ya yi ba, domin mutum da abin da ya sani a ranar ake auna shi.

Mai sayen gero yana iya tsoma hannu cikin buhu ya ji ko an yi algus. Mai karɓar gini ba shi da wannan dama: da zarar kankare ya sandare, ƙarfe goma da ƙarfe shida fuskarsu ɗaya. Rufin da gwaninta ta sirantar da wanda ha'inci ya sirantar ba su bambanta a ranar biki, sai damina ta zo da iska. A wannan tsakanin, abin da ke riƙe da ɗalibai a aji da mata a rumfar kasuwa shi ne amanar mutumin da ya ƙirga ƙarafan lokacin da ba mai kallonsa.