Daga Ardep-Djoumal Zuwa Toukra

Da hantsin wata Talata muka zauna shan shayi a Ardep-Djoumal, unguwar da sunanta a Larabcin Chadi ke nufin tsamiyar raƙuma. Raƙuma dai sun daɗe da tashi, ɗalibai ne suka gaje inuwar. Nan ne tsohon mazaunin Jami'ar Ndjamena, wadda aka kafa a 1971, tun ana kiran garin Fort-Lamy.

A da, mai karatu, yaron da ya ci bak ya shiga jami'a, to kakarsa ta yanke saƙa. Gwamnati na ba shi kuɗin tallafi, in ya fito kuma kujerar ofis na jiransa. Wanda ya sami ENA, makarantar horar da manyan ma'aikata, shi ba a ma maganarsa.

Samari huɗu muka tarar a kan bencin, ɗaya ɗanmu ne, mahaifinsa na sayar da yadi a babbar kasuwa. Hirarsu kaf a kan wa ya fi wa take. Mai karatu da Faransanci na kallon mai karatu da Larabci a raine, alhali harsunan biyu duk na hukuma ne. Wanda ya yi karatu a Faransa kuwa, a faɗarsu, ya fi kowa, ko me ya karanto. Awa guda cur ba wanda ya ambaci sunan littafi. Muka ce wa namu, "Samari, me kake karantawa bana?" Ya gyara kwalar rigarsa, ya ce, "Baba, ai ina jami'a." Rumfar uban kuwa, da ita ake biya masa komai, rabonsa da ita tun bara, wai ba ajinsa ba ce.

Da la'asar muka ce bari mu ga sabon mazaunin jami'ar da ke Toukra, can kudu, ƙetaren kogin Shari. Muka hau kilando, wato acaɓa. Mai babur ɗin, ashe, digirin shari'a gare shi, shekara biyar ke nan yana jiran a ɗauke shi aikin gwamnati. Ya tuna mana 2016, lokacin da kuɗin man fetur ya ja baya, gwamnati ta soke tallafin ɗaliban da ke karatu a cikin ƙasa. Ga yajin aiki da ya ja masa karatun shekara uku ya zarce. Ya ce shi ma ya yi zaman bencin nan, ya raina 'yan kasuwa son ransa. Allah Sarki.

Da ya sauke mu, ya ba mu canji, sai ya yi ƙasa da murya: "Alhaji, ko kun san wani ɗan kasuwa mai neman wanda zai riƙe masa lissafi?"

Muka kwatanta masa layin 'yan yadi, rumfa ta uku daga bakin ƙofa.