Taya Daga Gefe Take Mutuwa

Tun da samari suka fara yayin ƙaton wili da siririyar taya, masu facin garinmu ba su huta ba. Yaro ya samu kuɗi a birni, ya sayi mota, ya ƙara wasu kuɗin ya sauya wili don ado, sannan ranar jajibirin sallah ya nufo gida ta hanyar burji. Kafin ya iso, taya ta yi ƙulu, wili ya lanƙwashe, sai ka ji yana tsine wa hanya. Hanyar nan kuwa haka muka gan ta, haka muka bi ta da Fijo 404 da 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ɗauke da buhunan gyaɗa da fasinja a sama.

Abin da nake ta faɗa, har an gaji da ji, shi ne taya daga gefe take mutuwa. Kowa idan ya je saye, zanen da ke taka ƙasa yake shafawa, ya ga da zurfi, ya ce madalla. A kwalta wannan ya wadatar. A burji kuwa tsakuwa mai kaifi da kututturen da ruwa ya tone a bakin hanya gefe suke yanka, inda robar ta fi laushi, inda babu wayar ƙarfen da ke ƙarƙashin zane. Ƙusa idan ta huda tsakiya, mai faci zai toshe ka wuce. Gefe idan ya tsage, ko an ɗinke an liƙa, tayar ta gama aiki.

Ubangidana da ya koya mini tuƙi, Allah ya jiƙansa, bai iya boko ba, amma ya san lambobin jikin taya. Yakan sa ni durƙusawa da asuba, ya ce, "Yaro, karanta mini gefe." A taya mai lamba 195/65 R15, wannan 65 ɗin tsayin gefe ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗinta. Na 'yan gayun nan 45 ne ko 40. Idan ta daki dutse babu isasshiyar roba da iska da za su shanye bugun, sai dutsen ya matse ta a jikin wili ya tsinke zaren ciki, ƙulun da kake gani ke nan. Mai bin ƙauye ya nemi 65 ko 70 ko fiye. Mai a-kori-kura ko bas ya nemi wadda aka rubuta wa C ko LT, mai 6PR ko 8PR, don gefenta ya fi kauri, an yi ta ne saboda kaya. Za ta ƙara maka jijjiga a gargada, gaskiya ne, amma za ka kwana a gida.

Ni abin da ke ci mini rai ma ba yayin ba ne. A da taya a ƙasar nan ake yin ta, da robar da ake tatsa a kudu. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta rufe ta Ikeja a 2008, saboda rashin wuta da kwararowar ta waje. Daga nan muka koma juji. Doka ta hana shigo da tsohuwar taya, amma je kowace kasuwar kayan gyara ka ga tsibin 'yar Beljiyam, an wanke an shafa mata baƙin mai tana sheƙi. Cikinsu har da wadda aka yi don ƙanƙarar Turai, da hoton dutse da ƙanƙara a gefenta, robarta mai taushi, a ɗora ta a kan ƙasarmu a watan Afrilu. Wasu marasa tsoron Allah ma sukan ɗauki wadda ta suɗe su sake yanka mata zane da ƙarfe mai zafi.

Wani maƙwabcina ya sayo irinsu guda huɗu, ya kira ni in sa albarka. Na duƙa na duba. Bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ɗan zagaye: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tasa ta haura shekara goma, gefen duk ya yi ƙananan tsage idan ka danna da babban yatsa. Na ce, "Ɗana, mayar musu." Ya ce, "Baba, ai zanen sabo ne fil." Da damina ta faɗi, cikin dare naƙuda ta kama iyalinsa, ya ɗauke ta a mota, tayar baya ta fashe a tsakiyar daji, ya ciro sifiya ya tarar babu iska. A amalanken shanu aka ƙarasa da ita bakin titi. Allah ya kiyaye uwar, jaririn bai zo da rai ba. Ban ce taya ce ta kashe shi ba, rai na Allah ne, amma har yau idan na tuna yatsana a kan tsagen nan zuciyata takan ɓaci.

Hukumar kiyaye haɗurra tana cewa shekara huɗu ne wa'adin taya. Na san talaka zai ce sabuwa ta fi ƙarfin aljihunsa, kuma ban ƙaryata shi ba. Ban ce kada a sayi tsohuwa ba, don tsohuwa 'yar shekara biyu mai lafiyayyen gefe ta fi wata sabuwar marar suna da ake tallarta da arha. Duba gefen kawai, ciki da waje, a cire ta daga wili ka leƙa ka ga ko an taɓa yi mata faci a nan.

Sai maganar iska. Yaran faci na yanzu sai su ɗura har taya ta yi tauri, su ƙwanƙwasa da sifana su ce ta yi. A tsakuwa irin wannan tsalle take yi, mota ta riƙa zamewa a kwana. Rage kaɗan daga abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ka rage gudu. Amma in ka yi lodi kada ka rage ko kaɗan, gefen zai riƙa lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ya fashe, kuma da ka hau kwalta ka mayar da iskar. A auna da geji, da safe kafin taya ta yi zafi, har da sifiyar da ke kwance a but.