Dogon Da Ke Bisa Kai

Duk wanda ya tashi a Malam Madori, a ƙasa ya san dogo. Layin Kano zuwa Nguru, wanda ya isa Nguru a 1930, shi ya raya garinmu, kuma a tasharsa aka riƙa loda gyaɗar ƙasar Haɗeja. Shi ya sa na yi tsaye baki buɗe ranar da na shiga wurin shaƙatawa na Gold Reef City a Johannesburg, wanda aka gina a kan tsohuwar mahaƙar zinariya, na ga jirgin da dogonsa ke sama, fasinjojinsa na reto a ƙasa kamar jemagu.

Sunansa Anaconda, sunan wata ƙatuwar mesa ta Kudancin Amurka. Kamfanin Giovanola na ƙasar Suwizalan ya ƙera shi, aka buɗe shi a 1999, shekara bakwai bayan irinsa na farko ya bayyana a Amurka a 1992.

Jirgin ba shi da inji. Sarƙa ce ke jan sa a hankali zuwa ƙololuwa, daga nan nauyinsa ya ɗauki ragamar tafiyar. Tayoyi iri uku ne suka rungume ƙarfen dogon: na sama, na gefe da na ƙasa, don haka ko ya kifa ba ya goce wa hanya. Wani maƙalli yana sauka a kafaɗunka ya danne ka a kujera, ƙafafunka kuwa babu abin takawa.

Da muka gangaro, sai na ji kayan cikina sun taso wuya. Sama ta koma ƙasa, tafin ƙafata ya kalli rana, jikina ya yi nauyi kamar an aza mini buhun gero. Ban san lokacin da salati ya kuɓuce mini ba.

Bayan na sauka, abin da ya tsaya mini a rai shi ne amana. Na miƙa raina ga ƙusoshin da ban gani ba, saboda na yarda akwai wanda aikinsa shi ne duba su kafin a buɗe ƙofa. Irin wannan jirgi ba ya yafe sakaci ko na yini ɗaya.

Namu dogon fa? Nasu na wasa ne, amma ana tattalinsa kamar ƙwai. Namu na neman abinci ne, ga shi ciyawa na neman binne shi. Ba ina roƙon a kawo mana Anaconda ba ne. Yaranmu sun gode da lilon ranar Sallah. Roƙona ga mahukunta shi ne a ware kuɗin gyara tun ranar da aka ware na gini, a kuma horar da matasanmu aikin ƙarfe. Abin da kakanni suka shimfiɗa da gumi bai cancanci tsatsa ba.