Ɗakin Da Ke Bin Mota A Baya

Turawan Ingila suna da wata al'ada wadda in ka ba mutumin ƙauyenmu labarinta sai ya ce tatsuniya kake yi masa. In lokacin hutu ya yi, sai mutum ya ɗaura wani ɗan ɗaki mai ƙafafu a bayan motarsa, da gado a ciki, da murhu, da wurin wanka, ya kwashi iyalinsa su nufi bakin teku. Sunan ɗakin nan karaban. Asalin kalmar daga Farisanci take, ma'anarta kuwa ayari, irin na fatake.

Wanda aka sani ya fara yin irinsa don shan iska kawai wani likita ne, Dokta Gordon Stables. A 1885 aka ƙera masa nasa a Biristol, dawaki biyu ke ja. A 1919 kamfanin Eccles na Bamingam ya soma ƙera wanda mota ke ja, daga nan hatsarin abin ya sake kama, gama dokin da ke jan kaya ba ya gudun mil 50 cikin sa'a guda.

To, jama'a, duk wanda ya taɓa laftawa jaki kaya ya san rabin ilmin nan. In mangala ta rinjaya gefe guda, jaki zai sanar da kai tun ba ku bar gari ba: ya yi turjiya, ya karkace, ko ya kwanta. Karaban kuwa ba shi da baki. Ko yaya ka yi masa lodi zai bi ka shiru, sai kun kai kan gangara da gudu sa'an nan ya nuna maka halinsa. Don haka ni a ganina lafiyar tafiyar nan a ƙofar gida ake shirya ta.

Shekarar da na yi ina karatu a Ingila, wani dattijo ne mai masaukina, yana da karaban. Bai taɓa tashi ba sai ya auna nauyin da hancin ɗakin ke dannawa bisa dunƙulen ƙarfen nan da ke bayan mota. Ƙa'idar da masana suka bayar ita ce nauyin nan ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin karaban da kayansa. Suna kuma shawartar sabon shiga kada karabansa ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar ba kaya. Da yake ni malamin lissafi ne, bari in buga muku: mota mai kilo 1,500 ta ja kilo 1,275, hancin kuwa ya danna tsakanin kilo 64 da 89. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, daidai bisa tayoyi. In aka tara su can baya, hanci ya yi sauƙi, ya rage wa ƙafafun mota na baya riƙon ƙasa. In aka tara su gaba, gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya ƙi jin magana.

Babban abin tsoro shi ne kaɗa wutsiya. Babbar mota ta wuce ka da iskarta, ko guguwa ta bugo daga gefe, sai ɗakin ya soma lilo dama da hagu, kowane kaɗawa ya fi na baya, har ya juya motar da ke jansa. Nan zuciya za ta ce wa direba ya danne burki, ko ya murɗa sitiyari don ya gyara. Dukansu biyu ƙara wa wuta mai ne. Waɗansu kuma suna cewa a ƙara gudu, wai ɗakin zai miƙe. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa gani ba. Abin yi shi ne ka riƙe sitiyari daram, ka ɗauke ƙafa daga totur sannu-sannu, har gudun ya ragu lilon ya mutu don kansa. Saboda wannan ne dokar Ingila ta tsaida wa mai jan karaban mil 50 a kan hanya mai falle ɗaya, mil 60 a kan tagwayen hanyoyi, ta kuma hana kowa zama cikinsa ana tafiya.

Sai batun kiwonsa. Karaban yakan yi wata da watanni a ajiye, zaman nan kuwa shi ke cin sa. Taya takan tsufa ta tsattsage alhali zanenta yana nan kamar sabuwa, don haka ake cewa a sake ta bayan shekara 5, kada ta wuce 7, shekarar da aka yi ta kuwa tana rubuce a jikinta. Burki yakan cije, laima ta shiga bango ta ruɓar da katako ba a sani ba. Kafin tashi dattijon nan yakan ɗaure notin ƙafafu, ya rufe tukunyar gas, ya sa matarsa ta tsaya a baya ta ga ko fitilu suna kamawa, ya kafa dogon madubi. Kana ya maƙala wata siririyar igiyar ƙarfe a jikin mota. In ɗakin ya kwance, ita ce za ta fizgi burkinsa ya tsaya.

Abu guda ne ban yarda da shi ba cikin shirinsu. A watan Disamba 2021 gwamnatin Birtaniya ta soke jarrabawar da ake yi wa direbobi kafin su ja tirela mai nauyi, aka bar mai lasin ƙaramar mota ya ja har kilo 3,500. Ko komawa da baya da abin nan ilmi ne mai zaman kansa, domin in ka juya sitiyari dama, bayansa hagu zai nufa.

Mu nan ba mu saba da karaban ba, amma muna jan tankin ruwa da injin wuta a bayan a-kori-kura. Sau da yawa nakan tsaya bakin hanyar makarantarmu in ga an ɗaure su da waya ko guntuwar sarƙa, ba fitila, ba burki, ga yara sun taso suna tsallaka titi.