Haruffan aro a hidimar rubutun gida

Kundin tsarin mulkin ƙasar Indiya ya amince da harsuna 22, kuma mafi yawansu kowane da irin rubutun da ya gada. Hindi da Marathi ana rubuta su da Devanagari. Tamil da Telugu da Kannada da Bengali kuwa, kowane yana da haruffansa waɗanda suka daɗe a duniya tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar. Sai ga kwamfuta ta iso da madannan da aka ƙera domin haruffa 26 na Ingilishi. Daga nan tambaya ta tashi: ta yaya Ba'indiye zai shigar da rubutun kakanninsa ta wannan ƙaramar ƙofa?

Matsalar ta wuce yawan haruffa. A Devanagari akwai baƙaƙe 33, kowane baƙi yana ɗauke da wasalin "a" a cikinsa, sai an sa masa wata alama kafin ya sauke shi. Sauran wasula kan maƙale a saman baƙi, ko ƙasansa, ko gefensa. Gajeren "i" ma gaban baƙi ake ɗora shi, alhali bayansa ake furta shi. Idan baƙaƙe biyu suka haɗu babu wasali tsakaninsu, sukan narke su zama siffa guda wadda wani lokaci ba ta kama da ko ɗayansu.

Hukuma ta bi hanya ta farko. Ta tsara madannai na musamman mai suna InScript, wasula a hagu, baƙaƙe a dama, kuma a 1991 ta tabbatar da ƙa'idar ISCII ta adana haruffan a na'ura. Tsari ne mai kyau, amma sai mutum ya zauna ya koye shi kamar yadda akawu yake koyon keken rubutu. Ɗalibi da ɗan kasuwa da injiniyan da ke zaune a Amurka ba su da wannan lokaci, ga shi yatsunsu sun riga sun saba da haruffan boko.

Hanya ta biyu daga jama'a ta fito. A farkon shekarun 1990 Avinash Chopde ya samar da ITRANS, inda mutum zai rubuta kalma da boko yadda yake furta ta, manhaja ta mayar da ita Devanagari. Indiyawa mazauna ƙetare suka rungume ta, suna adana waƙoƙin finafinai da matanonin Sanskrit. A 1998 aka fitar da Baraha domin Kannada; sunan kansa yana nufin rubutu. A 2003 wani matashi ɗan Bangaladash, Mehdi Hasan Khan, ya ba da Avro kyauta ga masu Bengali, aikin da ya sa ƙasarsa ta karrama shi da abokan aikinsa da lambar Ekushey Padak a 2025. Google ya shigo fagen a 2007 da Hindi.

Sai dai boko bai ishi waɗannan harsuna ba. Hindi yana da sautuka huɗu a inda boko yake da "d" guda: na haƙori da na lanƙwasa harshe zuwa ganɗa, kowannensu da mai huci da marar huci. Kalmar da ake rubutawa "dal" tana iya zama ƙungiya, ko wake idan aka ja wasalin, ko reshen itace idan aka ja shi kuma aka lanƙwasa harshe. ITRANS ya warware wannan da doka: babban "D" ga lanƙwasasshen sauti, "aa" ga dogon wasali. Manhajojin baya kuwa hasashe suke yi, su jero kalmomi, marubuci ya zaɓa. Wanda bai san rubutun gida ba, ba zai san wadda zai zaɓa ba.

A nan ne amfanin abin da haɗarinsa suka gamu. Dabarar ta buɗe wa miliyoyin mutane hanyar aika wa iyayensu saƙo da haruffan da tsofaffin suke iya karantawa, ta kuma cika intanet da rubutun da a da ake jin ba shi da wuri a can. Amma hannun da ya saba bi ta boko yana iya mance yadda ake zana harafin da alƙalami, ido kaɗai ya rage yana gane shi. Wasu ma sukan tsaya rabin hanya, su bar Hindin cikin boko, kamar yadda aka daɗe ana gani a sunayen finafinan Mumbai. Nan reshe da wake da ƙungiya suke komawa kalma ɗaya. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Mai karanta Hausa ba baƙo ba ne ga wannan ciwo. Madannan AZERTY da suka cika ofisoshin Yamai da Maraɗi suna da é da ç, ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, shi ya sa ƙasa take komawa kasa, ɓari ya koma bari. Indiyawa suna da ɗaruruwan siffofi da za su shigar, suka kuma samo hanya, galibi ta hannun ɗaiɗaikun mutanen da ba wanda ya sa su. Abin da suka gane shi ne, babu laifi yatsa ya bi ta boko muddin abin da zai fito a allo rubutun gida ne, cikakke da alamominsa. Wannan sharaɗi kuwa makaranta ce take cika shi, domin yaron da aka koya wa bambance reshe da wake a kan takarda shi ne zai iya gyara wa na'ura idan ta yi kuskure.